RAMBOSHI: BABBAN KIFIN KOGUNAN NIJERIYA

Daga cikin kifayen da Allah Ya albarkaci kogunan Nijeriya da su, kaɗan ne suka kai ramboshi girma da daraja a kasuwa. Masunta na Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi sun san shi tun kaka da kakanni. Duk da haka, jama'a da yawa ba su bambanta shi da tarwaɗa, ba su kuma san cewa ɗorewar wannan arziki ta rataya ne a kan 'yan watannin damina ba. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana kamanninsa da ire-irensa da yadda yake hayayyafa, domin kowa ya san abin da ya wajaba a kansa.

KAMANNINSA

Ramboshi ɗan'uwan tarwaɗa ne na kusa. Jikinsa santsi ne, ba shi da ɓawo, kansa faffaɗa ne mai ƙashi, kuma yana da gashin baki guda 8 waɗanda yake laluben abinci da su cikin duhu da gurɓataccen ruwa. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a dubi gadon bayansa. Tarwaɗa tana da fiffike guda ɗaya dogo, tun daga bayan kai har kusa da wutsiya. Shi kuwa ramboshi fiffike biyu gare shi: na gaba mai ƙasusuwa, na baya kuma tsoka ce mai kitse.

Har wa yau, a cikin kansa akwai wata gaɓa mai rassa kamar bishiya, wadda yake shaƙar iska da ita kai tsaye. Dalilin ke nan da ya sa yake jure wa ruwan da ya ƙafe ya zama taɓo, yake kuma daɗewa da rai bayan an fitar da shi. Saboda wannan gaɓa ne masana suka raɗa wa jinsinsa suna Heterobranchus a shekarar 1809, watau mai gaɓar numfashi ta daban.

IRE-IRENSA

Masana sun tabbatar da iri 4, kuma dukkansu a Afirka suke:

1. Heterobranchus bidorsalis. Ana samunsa a Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, da kuma kogunan Nilu da Sanagal da Bolta. Fiffikensa na gaba ya fi tsokar baya tsawo.

2. Heterobranchus longifilis. Gashin bakinsa dogo ne ƙwarai, kuma shi ne mafi nauyi, domin yakan kai tsawon mita ɗaya da rabi da nauyin kilo 55. Ya bazu tun daga Afirka ta Yamma har kogunan Kwango da Zambezi.

3. Heterobranchus isopterus. Bai kai waɗancan biyu girma ba, yana zaune a kogunan kurmi na gaɓar tekun Afirka ta Yamma.

4. Heterobranchus boulengeri. Wannan na yankin kogin Kwango ne, babu shi a Nijeriya.

Na ɗaya da na biyu su ne masuntanmu suka fi kamawa da mamari da kalli da taru.

YADDA YAKE HAYAYYAFA

Ramboshi ba ya zaɓen abinci. Yana cin ƙananan kifaye da kwaɗi da ƙwari da 'ya'yan itatuwan da suka faɗa ruwa, kuma da dare ya fi kiwo. Da rani yakan fake a wurare masu zurfi. Idan damina ta kankama, kogi ya cika ya malala cikin fadamu, sai manyan su bi ruwan su shiga ciyawa. A nan macen take zuba ƙwai dubbai, su manne a jikin ciyawa, su ƙyanƙyashe cikin kamar kwana ɗaya. Iyayen ba su tsayawa reno. Fadama ce take ciyar da 'ya'yan, ta ɓoye su, har su yi ƙwari su koma kogi sa'ad da ruwa ya fara janyewa.

Ke nan duk wanda ya kama mace mai ƙwai a bakin fadama, ba kifi ɗaya ya kama ba, ya cinye irin shuka ne tun kafin a shuka shi. Bugu da ƙari, ramboshi ba ya isa haihuwa da wuri kamar tarwaɗa, saboda haka gurbin babba ɗaya yana daɗewa bai cika ba.

ABUBUWAN DA KE BARAZANA GARE SHI

Na farko shi ne zuba guba a ruwa, ko ta gargajiya irin su magimfa, ko maganin ƙwari na gona. Guba ba ta san babba ba, ba ta san ƙarami ba, tana kuma cutar da mai cin kifin da mai shan ruwan da dabbobinsa. Na biyu shi ne taru mai ƙananan idanu, wanda yake kwashe 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Na uku shi ne raguwar ambaliya. Madatsun ruwa irin su Kainji na 1968 da Tiga na 1974 sun samar da lantarki da noman rani, amma sun sauya yadda ruwa yake shiga fadamu, kamar yadda aka gani a fadamar Haɗeja da Nguru. Inda wurin haihuwa ya ƙuntata, wajibi ne a ƙara kula da wanda ya rage.

MATAKAN GWAMNATI

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta shekarar 1992 ta haramta su da guba, ko nakiya, ko wutar lantarki. Akwai kuma cibiyar Gwamnatin Tarayya ta binciken kifayen kogi da tafki a Sabuwar Bussa, cikin Jihar Neja, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji na 1968. Masu kiwon kifi sukan haɗa ramboshi da tarwaɗa su sami iri mai saurin girma. Sai dai wannan sana'a ma tana bukatar iyaye na asali, kuma kogi ne ma'ajiyarsu.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA JAMA'A

Masunta su mayar da mace mai ƙwai cikin ruwa, su guji tare mashigar fadama a farkon damina, su kuma yi aiki da taru mai manyan idanu. Sarakunan ruwa su farfaɗo da tsohuwar al'adar rufe ruwa na wani lokaci, irin wadda Kabawa suka riƙe a Matan Fada ta Argungu, inda ba a shiga su sai ranar da aka ba da izini. Masu banda da masu saye su ƙi kifin da aka kashe da guba. Wanda duk ya ga ana zuba guba a ruwa, ya sanar da mai unguwa ko jami'in kula da kamun kifi mafi kusa.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ramboshin da aka bari ya yi ƙwai a daminar bana, shi ne zai cika kwale-kwalen masunta a shekaru masu zuwa.