HAƘƘIN KIFIN ADO A KAN MAI SAYARWA DA MAI SAYE

Godiya da yabo sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa tudu, Ya gudanar da ruwaye, Ya ajiye wa kowace halitta arzikinta a inda Ya zaunar da ita. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan wata 'yar halitta ce wadda ba ta kuka, ba ta kururuwa, ba ta kuwa da bakin kai ƙara gaban alƙali. Wannan halitta ita ce kifin ado, watau ƙananan kifayen nan masu launi da ake ajiyewa cikin akwatin gilashi don kallo, ba don miya ba. Al'amarin da za mu duba a ƙasar Amurka ya fi shahara, amma hukuncin da ke cikinsa ya hau kan duk wanda ya tsare mai rai a hannunsa.

YADDA AL'AMARIN YAKE

A ƙasar Amurka akwai waɗansu manya-manyan kantuna masu rangwame, inda mutum zai sami tufafi da abinci da kayan ɗaki da tayar mota duk a ƙarƙashin rufi guda. Ribar irin waɗannan kantuna tana zuwa ne ta hanyar sayar da kaya mai yawa a kan kuɗi kaɗan, tare da rage abin da ake kashewa wajen ma'aikata. Shekara da shekaru da yawa daga cikinsu suna da wani lungu da aka jera akwatunan gilashi cike da kifayen ado, kuɗin ɗaya bai wuce abin da ake ba yaro ya sayi alewa ba.

To, mutanen ƙasar da suka san kiwon kifi sun daɗe suna kokawa a kan abin da suke gani a wannan lungu. Sukan tarar an cunkusa kifi fiye da yadda akwatin zai ɗauka, ruwa ya yi duhu, matattu suna yawo a tsakanin rayayyu, marasa lafiya kuma ba a ware su ba. Sau da yawa ma'aikacin da ke kula da su shi ne mai tsaron wani sashe dabam na kantin, ba wanda ya koya masa kiwon kifi, ba shi kuwa da lokacin da zai tsaya a kansu. Laifin bai tsaya a kan wannan talakan ma'aikaci ba. Asalin ɓarnar shi ne an shigar da mai rai cikin lissafin sabulu da ashana, har mutuwarsa ta zama kamar fashewar kwalba, a rubuta hasara a yi odar wani.

A shekarar 2019 kamfanin Walmart, wanda yake ɗaya daga cikin mafi girman masu kantuna a duniya, ya daina sayar da kifi mai rai a kantunansa na Amurka. Amma cinikin bai ƙare ba, domin sauran kantuna, musamman na sayar da dabbobin gida, suna nan suna yi, masu kyautatawa da masu sakaci duka.

RUWA SHI NE DUNIYAR KIFI

Kafin mu kai ga hukunci, wajibi ne mu fahimci inda cutar take, domin malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake. Akuyar da aka ɗaure a turke tana shaƙar iskar Allah, ana share mata garke. Shi kuwa kifi, ruwan nan guda shi ne iskarsa, shi ne ɗakin kwanansa, shi ne akushinsa, shi ne kuma makewayinsa.

Kifi yana fitar da wani dafi mai suna amoniya ta kafofin numfashin da ke gefen kansa, kuma kashinsa da ragowar abinci idan suka ruɓe suna ƙara wannan dafi. A kogi ruwa mai gudu yakan kwashe shi. A cikin akwati kuwa sai ya taru, ya ƙona kafofin numfashin, kifin ya riƙa tasowa sama yana haki. Daga cikin hikimar Allah, akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a jikin tsakuwa da na'urar tace ruwa, su ne suke juya wannan dafi mataki-mataki zuwa wani abu mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar sauya wani kaso na ruwan. Amma waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki kamar mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita a sabon akwati. Saboda haka wanda aka sayar wa akwati da kifi a rana ɗaya, ba tare da an yi masa bayani ba, sau da yawa kafin wata ya zagayo kifayensa sun mutu, shi kuwa bai san dalili ba.

Haka kuma maganin kulorin da ake zuba wa ruwan famfo don lafiyar mutane, guba ne ga kifi, sai an kashe kaifinsa tukuna. Akwai kuma wata cuta da takan fito wa kifi kamar an barbaɗa masa gishiri, tana da saurin yaɗuwa. A kantunan da aka haɗa akwatuna da yawa a kan bututun ruwa ɗaya, idan ba a kula ba cutar akwati guda takan zagaye sauran.

MISALAI BIYU

Na farko shi ne kifin da ake kira beta, mai dogayen fukafukai masu launi. Asalinsa daga ƙasar Tailan yake, inda yake zama a fadamun shinkafa da ruwaye masu ɗumi. Allah Ya yi masa wata gaɓa da yake iya shaƙar iska daga saman ruwa, kamar yadda tarwaɗarmu take jure zama cikin ɗan ruwan daro. Mazansa kuma mafaɗata ne, ba a haɗa biyu wuri ɗaya. Saboda waɗannan dalilai biyu sai aka mai da al'ada a jera su a kan kanta, kowane ɗaya cikin ɗan kofin roba wanda da ƙyar yake juyawa a ciki. Mai saye kuma sai ya zaci haka ake ajiye shi har abada. Alhali kuwa wannan kifi yana bukatar wuri mai faɗi, da ruwa tatacce mai ɗumin digiri 25 zuwa 27 ko kusa da haka. Ku duba, jama'a, baiwar da Allah Ya ba shi don ya tsira lokacin ƙarancin ruwa, ita ce aka mayar hujjar ƙuntata masa.

Na biyu shi ne kifin zinariya, wanda mutanen ƙasar Sin suka fara kiwonsa fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Mutane da yawa sun ɗauka ɗan watanni yake yi ya mutu. Ba haka ba ne. Idan ya sami kulawa yakan shekara 10 zuwa 20, ya kuma girma ya fi tafin hannu. An yi wani a Ingila mai suna Tish, wanda aka samo a shekarar 1956, bai mutu ba sai a 1999, watau ya shekara 43 a hannun masu shi. Ashe gajeren kwanan da aka san shi da shi ba halittarsa ba ce, aikin 'yar tukunyar gilashin nan ce da ake jefa shi ciki. Wannan ne ya sa hukumar birnin Rum na ƙasar Italiya ta hana ajiye kifi a irin wannan tukunya a shekarar 2005.

Wani zai ce, shin kifi yana jin zafi kuwa? A shekarar 2003 wata masaniya mai suna Lynne Sneddon da abokan aikinta a Cibiyar Roslin ta ƙasar Sikotilan sun gano jijiyoyin jin ciwo a fuskar wani irin kifi. Da aka sa masa abu mai raɗaɗi a leɓe, sai ya riƙa goga bakinsa a tsakuwa, ya kuma daɗe bai koma cin abinci ba. Har yanzu masana suna jayayya a kan ko yadda yake ji daidai yake da namu. Amma Musulmi ba ya jiran ƙarshen wannan jayayya kafin ya kyautata, domin an riga an umurce shi.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Da farko dai, ajiye halitta don sha'awa da kallo halal ne. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, yana da ƙane ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umairu, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya san da haka bai hana ba, har ma da tsuntsun ya mutu ya tambayi yaron labarinsa don ya lallashe shi. Daga nan malamai suka ciro halaccin tsare tsuntsu da makamantansa, bisa sharaɗin a ciyar da shi, a shayar da shi, kada a cuce shi.

Na biyu, wanda ya tsare ya ɗauki nauyi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa. Ta kulle ta har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi nata ba. Ku lura, ba a ce matar nan ta doki kyanwar ko ta yanka ta ba. Laifinta tsarewa ne tare da sakaci. Wannan kuwa shi ne ainihin halin kifin da ke cikin gilashi, domin an raba shi da kogin da zai wanke masa ƙazanta, an bar shi ba shi da dabarar kansa ko kaɗan. Akasin wannan mata shi ne mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Da sahabbai suka yi mamaki, sai aka sanar da su cewa akwai lada a kan kyautata wa kowane mai rai. Ba a ware babba ba, ba a ware mai tsada ba.

Na uku, malaman fiƙihu sun mai da wannan doka, ba su bar shi a wa'azi kaɗai ba. Shehu Halilu a cikin Muhtasar, a babin ciyarwa, ya tabbatar da cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyayar da za ta ci, in kuwa ya ƙi sai a sayar da ita ga wani. Kalmar da suke amfani da ita ita ce nafaƙa, watau abin da rai yake tsayuwa da shi. Nafaƙar kifi kuwa ba ta tsaya ga ɗan garin abincin da ake barbaɗa masa ba, ruwa mai tsabta yana cikinta, tun da shi ne numfashinsa.

Na huɗu, akwai haƙƙin mai saye. Manzon Allah ya taɓa sa hannu cikin tarin hatsin wani mai sayarwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, sai ya tsawata masa ya kuma nuna cewa algus ba halin Musulmi ba ne. Saboda haka wanda ya san cuta ta shiga akwatinsa ya kwashe matattu da sassafe ya sayar da sauran bai faɗa ba, ya ɓoye aibi. Haka wanda ya san kifin zai girma ya fi ƙarfin tukunyar da yake haɗawa da ita, ya yi shiru don ciniki ya faɗa. Wannan ya haɗa zalunci biyu, na kifi da na ɗan'uwansa mutum, sau da yawa ma yaro ne ƙarami wanda zai wayi gari ya tarar da abin ƙaunarsa ya juya ciki sama.

NASIHA

Ga mai sayarwa, kada ya ajiye abin da ba shi da mai kula da shi. Ya sami ma'aikacin da ya san aikin, ya ba shi lokaci, ya ware marasa lafiya, ya gaya wa mai saye gaskiya ko da cinikin zai tashi. In ba zai iya ba, barin cinikin ya fi masa alheri.

Ga mai saye, ya nemi sani kafin ya buɗe jaka. Ya tambayi girman da kifin yake kaiwa da irin ruwan da yake so. Ya shirya akwati tun makonni kafin ya kawo shi. Kada ya cika yawan kifi, kada ya cika abinci, ya riƙa sauya kamar rubu'in ruwan kowane mako. In ya ga matattu ko masu tabo a kanti, ya sanar da shugaban wurin cikin ladabi, kada kuma ya saya don tausayi, domin kuɗinsa ne za a yi odar waɗansu da su. In ya gaji da kiwon, ya ba wanda zai iya. Kada ya zuba shi a masai, kada kuma ya sake shi a tafki, domin a shekarar 2021 hukumar garin Burnsville ta jihar Minesota ta roƙi jama'a su daina haka, bayan an kamo ƙattin kifayen zinariya a wani tafkinsu, masu tone ƙasan ruwa suna ɓata shi.

Mu kuma a nan gida, mai kanari a keji, da mai tantabaru, da mai tarwaɗa a daro yana jiran mai saye, da wanda ya ƙawata falonsa da akwatin kifi, kowa ya auna kansa da wannan ma'auni. Hausawa sun ce araha ba ta ado. To, araha ba ta kuma sauke haƙƙi. Kifin da aka saya da kuɗi kaɗan, Wanda Ya halicce shi Ya san adadin numfashinsa, kuma Zai tambayi wanda ya tsare shi.

Allah Ya sanya rahama a zukatanmu, Ya yafe mana abin da muka yi sakaci a kansa na haƙƙin bayinSa masu magana da marasa magana, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.