Kafin ka yanke wa mutum hukunci

Akwai wata yarinya a ajina da ba ta zuwa sai an gama share fili an shiga aji. Da an fara lissafi, sai ta kifa kai bisa tebur. Na ce a raina malalaciya ce. Wata rana ma na faɗi haka gaban ƴan aji, suka yi dariya, ita kuwa ta sunkuyar da kai.

Ran nan da sassafe na bi ta unguwarsu. Sai ga ta tana dawowa daga rijiya, ruwa bisa kai, ƙanenta goye a baya. Kakarta ta gaya mini uwar yarinyar ta tafi Aljeriya tun kaka. Ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa, ita ke dama fura, kana ta ɗauki allo. Na ji kunya ƙwarai.

Me ya sa na yi kuskure? Ido na ganin barci, amma ba ya ganin abin da ya kawo barcin. Zato kuma ba ya da wuya: kana zaune za ka yi shi. Tambaya ita ce mai sa ka tashi ka je. Akwai wani dalilin da ba mu son faɗi. Idan na ce wani malalaci ne, sai in ji ni ne mai ƙoƙari. Shi ya sa gulma take da daɗi a baki.

Manya ma haka suke yi. A watan Oktoba na 2013, motoci biyu suka lalace cikin hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Tamanrasat. Ƙishirwa ta kashe mutum 92: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu mutanenmu ne na ƙasar Kance. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana 3. Amma tun ba a gama makokin ba, wasu suka fara cewa kwaɗayi ne ya kai su, wai matan nan ba su son ƴaƴansu.

Ku da kuke zaune a Tsauni kun san abin da masu maganar ba su sani ba. Ƙasarmu tana cikin wuraren da mutane suka fi yawa a Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba wa ƴaƴansa, su ma sun raba wa nasu. Gidaje da yawa rumbunsu kan ƙare tun damina ba ta faɗi ba, sai a ci bashi, da kaka a biya da hatsi. Macen da ta hau motar nan ta daɗe tana duba tukunya kafin ta hau.

Wannan ba ya sa tafiyar ta zama daidai. Hamada na kisa, kuma wurin yaro aji ne, ba bakin titi yana bara ba. Za mu iya cewa aikin ba shi da kyau. Zuciyar mai aikin kuwa, Allah kaɗai ya san ta, kuma Suratul Hujurati ta hane mu yawan zato da gulma.

Yarinyar nan, na ba ta haƙuri gaban ajin da na kunyata ta. Yanzu idan yaro ya makara, nakan jira a fita shan iska, in kira shi gefe in ce: "Lafiya dai gida?"

Tambayoyi

1. Me malam ya gani a aji, me kuma ya gani a unguwa?
2. Mutum nawa suka rasu cikin hamada a 2013? Nawa ne yara?
3. An taɓa yi maka zaton abin da ba ka yi ba? Rubuta labarin cikin layi 5, ba tare da ka ambaci sunan kowa ba.