Amsoshin Tambayoyinku: Na Yi Feshi Har Na Gaji, Kyankyasai Sun Ƙi Barin Ɗakina

Tambaya:

Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Agege a Legas. Gidan haya muke zaune, mai ɗakuna a jere, madafi da banɗaki na kowa da kowa. Wallahi ina bakin ƙoƙarina wajen tsafta, amma kyankyasai sun hana ni sakat. In na yi feshi su lafa kwana biyu, sai su dawo. Ga ɓeraye, ga sauro, kwanan nan kuma mun fara tashi da ƙuraje masu ƙaiƙayi, ina zargin kuɗin cizo ne. A gidanmu ban san irin wannan ba. Maƙwabciyata ta ce in yayyafa Sniper ko fiya-fiya in rufe ɗakin, wani kuma ya ba maigida shawarar ya sa ƙwayar maganin ƙwarin hatsi a ƙarƙashin gado. Ina da yara biyu, ƙaramin yana rarrafe, babbar tana da asma. Don Allah mene ne mafita?

Daga wata uwargida, Agege

Amsa:

Uwargida, Allah ya raya zuri'a, ya ba yarinya lafiya. Zan fara da abin da ba ya jira: don girman Allah kada a sa ƙwayar hatsin nan a ɗaki, kada kuma a yayyafa Sniper ko fiya-fiya.

Ƙwayar da ake sawa a buhun wake da masara, da zarar ta ji laimar iska sai ta fara fitar da iskar guba mai suna fosfin. Don rumbu da sito aka yi ta, inda ba mai kwana. Iskar ba ta tsayawa inda aka ajiye ƙwayar, tana bin ƙarƙashin ƙofa da saman silin har ɗakin maƙwabta, kuma ba ta da makari ko a asibiti. Ta sha hallaka iyalai cikin barci. Sniper kuwa maganin gona ne, kuma irin gubarsa ce ake samu a yawancin fiya-fiyar da ake haɗawa a ɗura a kwalabe marasa rubutu. Tana shiga jiki ta numfashi da ta fata. Yaron da ke rarrafe zai kwashe ta da tafin hannu ya kai baki, mai asma kuma ƙirjinta zai riga na kowa kamawa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Ganin sa har yanzu a teburin mai talla bai sa ya zama na ɗaki ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Sannan ki kwantar da hankalinki, wannan ba shaidar ƙazanta ba ce. Gari kika sauya. A Kano hunturu yana busar da komai, zafin bazara ya biyo baya ya ƙarasa, ƙwari su ragu ba tare da kowa ya ɗaga hannu ba. Legas ba ta da wannan hutun. Ruwan da take samu a shekara ya kusa ninka na Kano, damina tana farawa tun wajen Afrilu ta kai Oktoba, in ban da ɗan sararawa a Agusta, kuma ko da rani iskar teku ba ta barin bango ya bushe sosai. Ɗumi da laima su ne abin da ƙwaro yake so don hayayyafa, ga su nan wata goma sha biyu. Saboda haka dabarar da ta wadatar a Kano ba za ta wadatar a nan ba.

Dalilin da feshi yake ba ki kunya shi ne, waɗanda kike gani kaɗan ne daga waɗanda ke ɓoye. Kyankyasan gida iri biyu ne suka fi yawa. Akwai ƙanana masu launin ƙasa-ƙasa, da zane biyu baƙaƙe a bayan kai. Su a cikin ɗaki suke rayuwa: bayan firij, cikin kabad, cikin rediyo da soket. Macen tana yawo da jakar ƙwai maƙale a bayanta, mai ɗauke da ƙwai 30 zuwa 40, kuma ɓawon jakar yana kare su daga feshi. Ki kashe uwar yau, wata jakar da aka yar a lungu ta fashe gobe, cikin wata biyu zuwa uku 'ya'yan su ma su fara haihuwa. Akwai kuma manya jajaye masu tashi, waɗanda gidansu lambatu ne da shadda, suna shigowa da dare ta bututun ruwa da ƙarƙashin ƙofa. Waɗannan ko kin kashe ɗari, wasu ɗari suna hanya muddin ƙofarsu a buɗe take. Ga shi yawan feshi da magani iri ɗaya yana sa su saba da shi.

Abu uku ke riƙe kowane ƙwaro a gida: ruwa, abinci da maɓoya. Wanda ya hana su waɗannan ya ci rabin yaƙin, kuma bai kashe ko sisi a kan guba ba.

Ki fara da ruwa, domin shi aka fi mantawa. Kyankyaso yana iya yin makonni ba abinci, amma ƙishirwa ba ta ba shi wannan wa'adin. Kafin ki kwanta, ki goge wurin wanke-wanke ya bushe, ki matse soso da tsumma ki rataye su, ki kife kwanuka, ki rufe bokiti da durom ruf. Ki ja firij ki duba bayansa, akwai ɗan faranti da ke tara ruwa kusa da injin, wuri ne mai ɗumi da duhu, kuma sau da yawa nan ne babbar matattararsu. Famfon da ke ɗiga a gyara shi. Bakin magudanar banɗaki a sa masa raga ko murfi da dare.

Sai abinci. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shinkafa, wake, garin rogo, garin tuwo, busasshen kifi da ƙuli-ƙuli duk su koma cikin bokiti ko jarka mai murfi. Leda da buhu ba sa hana haƙorin ɓera. Kwanon da aka ci tuwon dare kada ya kwana da miya, gefen risho da maiƙo ya fantsama a goge shi, gutsuren biskit da yara suka zubar a bayan kujera a share. Shara ta fita ɗaki kafin magariba, kwandonta na waje kuma ya kasance da murfi har masu kwasa su zo. Kwalayen da ake tarawa a saman kabad da ƙarƙashin gado ki rabu da su: ramukan jikin kwali maɓoya ce, gam ɗinsa abinci ne, kuma sau da yawa a cikinsa ake shigo da ƙwan kyankyaso daga kasuwa.

Na uku maɓoya. Ki jira dare ya raba, ki tashi da tocila ki haska madafi da ɗaki, ki lura da inda kyankyasai suke rugawa. Da safe ki duba wurin, za ki ga baƙin ɗigo-ɗigon kashinsu da busassun jakunkunan ƙwai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka maigida ya kwaɓa siminti ya toshe duk tsaga, musamman inda bututu ya huda bango. Ƙasan ƙofa a buga masa roba ko falle na ƙarfe. Ramin da fensir zai shiga ya ishi ƙaramin ɓera, wanda babban yatsa zai shiga ya ishi babba. Goge kashin kyankyasan nan da jiƙaƙƙen tsumma yana da amfani na musamman a gidanki, domin ƙurar kashi da saɓar kyankyaso tana cikin abubuwan da ke tayar da asma.

Bayan wannan ne magani zai yi tasiri, kuma wanda ya fi dacewa da ke shi ne na ci, ba na feshi ba. Akwai mai kauri da ke zuwa cikin sirinji, ana ɗiga shi ƙanana-ƙanana a lungun kabad, bayan firij da maƙalar ƙofa. Kyankyaso ya ci ya koma maɓoya ya mutu, 'yan uwansa su ci kashinsa da gawarsa su ma su bi shi. Haka maganin yake isa inda hannu ba ya kai. Hodar borik asid da ake samu a kemis ita ma tana aiki in an barbaɗa ta sama-sama a busasshen wuri. Sharuɗɗa uku: ki duba lambar NAFDAC, ki sa shi inda hannun yaro ba zai kai ba, kuma kada ki yi feshi kusa da shi, don warin zai kore su daga cin abin da kika ajiye musu.

Ɓera kuwa ya wuce ɓarnar abinci. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, wani nau'in ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan abinci da kwanuka. Ya fi yawa a jihohi irin su Ondo, Edo, Bauchi da Taraba, amma kaya da mutane suna shigowa Legas daga ko'ina. Abin da ɓera ya taɓa a zubar da shi, kuma zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya a kai shi asibiti. A gidan da ke da mai rarrafe tarko ya fi guba. Ki jera shi jikin bango, don ɓera gefen bango yake bi. Manyan ɓeraye suna tsoron sabon abu, saboda haka ki sa ƙuli-ƙuli ko kifi ki bar tarkon ba a ɗana ba kwana biyu, in sun saki jiki sai ki ɗana. Gawar a ɗauke ta da leda a hannu, a wanke wurin da ruwan bilic, kada a aiki yaro ya yar.

Sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne, kuma duk a cikin ruwa. Wannan shi ne lagonsa. Sau ɗaya a mako a zagaya gida a juye duk abin da ya tara ruwa: tsohuwar taya, gwangwani, ɓawon kwakwa, kaskon kaji. Durom a wanke gefensa na ciki da soso, domin mai zanen fari a ƙafa, wanda ke cizo da rana yana kawo shawara da dengi, a jikin mazubi yake liƙa ƙwansa. Mai kawo maleriya kuma da dare yake aiki, maganinsa gidan sauro mai magani, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, da raga a taga. Maganin sauro na kunnawa ki nisanta shi da yarinyar, hayaƙinsa ba ya yi wa mai asma daɗi.

Batun kuɗin cizo, ki tabbatar tukuna. Ki ɗaga katifa ki bi ɗinkin gefenta da yatsa, ki duba mahaɗar katakon gado. In suna nan za ki ga baƙaƙen ɗigo, da fararen ƙwai ƙanana, da su kansu a lafe. Ba a san su da yaɗa cuta ba, kuma ba ruwansu da tsafta ko rashinta, a jaka, gwanjo da tsohuwar kujera suke zuwa. Suna iya yin watanni ba su sha jini ba, don haka ƙaurace wa ɗaki ba ya kashe su, kuma da yawansu sun daina jin feshin kanti. Zafi ne maganinsu. Zanin gado da tufafi a jiƙa su a ruwa mai zafi sosai, a shanya, a goge da dutsen guga. A kwance gadon a fitar waje a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗarsa, yara na nesa. A bi ɗinkin katifa da burushi da dutsen guga, a janye gadon daga bango. A maimaita bayan kwana 10, don ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe a lokacin.

Saura magana mafi nauyi. A gidan da madafi ɗaya ne, shadda ɗaya, silin a haɗe, ba wanda zai tsira shi kaɗai. Ki nemi matan gidan ku zauna, cikin mutunci, ba tare da nuna wa kowa yatsa ba. Ku tsayar da rana ɗaya a mako ta wanke madafi da yashe lambatu, ku haɗa kuɗi ku sayi kwandon shara mai murfi, ku sa magani rana guda don kada ƙwarin su riƙa ƙaura daga ɗaki zuwa ɗaki. Mazan su tunkari mai gidan kan murfin shadda da ya fashe da bututun da ke yoyo, domin gyaransu haƙƙinsa ne. Ki kuma gaya wa maƙwabciyar nan haɗarin abin da ta ba ki shawara, don gubar da ta zuba a ɗakinta iskarta za ta iso naki.

In abin ya kai ga kiran mai feshi, a nemi mai rajista, ya nuna kwalbar da zai yi aiki da ita, ya faɗi awa nawa za a yi kafin a koma. A fitar da abinci, kwanuka da kayan wasan yara, a buɗe tagogi kafin kowa ya shiga. In kuma tsautsayi ya sa wani ya sha ko ya shaƙi guba irin ta Sniper ko fiya-fiya, alamunta su ne dalalar miyau, gumi, amai, zawo da sarƙewar numfashi. A fitar da shi iska, a cire tufafin, a wanke fatar da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A garzaya asibiti da kwalbar a hannu, ko a kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na jihar Legas.

Ki ba wannan tsari wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi kafin ki yanke masa hukunci. A makon farko za ki iya ganin kamar sun ƙaru, yunwa da ƙishirwa ne suka fito da su. Ki daure, ki ci gaba, kuma ko sun ɓace kada ki saki busar da madafi da rufe abinci, domin yanayin Legas ba zai sauya ba. Allah ya tsare ku da zuri'arku, ya ba da zaman lafiya da maƙwabta.