Darasi: Tattakin Asuba Ga Maniyyata

Aikin Hajji yana son ƙafa mai ƙarfi. Alhaji zai kewaya Ka'aba sau 7. Zai yi Safa da Marwa sau 7, wajen kilomita 3 ke nan. Ga kuma zuwa jifan Shaiɗan a Mina. A Hajjin 2024 alhazai fiye da 1,300 suka rasu, galibinsu saboda tsananin zafi.

Don haka maniyyaci na Tofa, Doka ko Lambu ya saba da tafiya tun yana gida. Da bazara rana tana da zafi, sai ya fita da an idar da sallar asuba. Ya bi burtali ko hanyar gona. Makon farko minti 20 ya isa. Kowane mako ya ƙara minti 10. Ya riƙe gorar ruwa. Ya sa takalmin da zai tafi da shi, domin sabon takalmi yana cin ƙafa.

Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara ganin likita. Wanda ya ji jiri ya zauna a inuwa.

Tambaya: Me ya sa ake fita da asuba?