Aikin kwamitin lakwal bai ƙare ga rumfar kara ba

Aikina zagayen makarantun firamare ne a ƙasar Kurfai, daga Filinge zuwa Cikal da ƙauyukan bakin Dallol Boso, ina zama bayan aji ina sauraren yara. Abin da ya fi damuna shi ne yaron da ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba, lissafin da ya wuce yatsunsa kuma sai ya yi shiru. Mushe, wato malaminsa, ya sani. Uban yaron, da ya tafi cin rani Kwatano ko Legas, bai sani ba. Uwar kuwa ba wanda ya taɓa tambayarta.

Kwamitin kula da makaranta, wanda muke kira Kojes, don irin wannan aka kafa shi. Shirin Makaranta Don Kowa, da Japan ta tallafa don ƙarfafa irin wannan kwamiti, ya fara a jihar Tawa a 2004, ya game ƙasa a 2007. Ƙarfinsa shi ne jama'a su zaɓi wakilansu ta ƙuri'ar asiri, su tsara aikin shekara a bainar kowa. Amma a garuruwa da yawa aikin ya tsaya ga jiran girbi, a samo karan hatsi a kafa rumfa. Madalla da rumfa. Sai dai me yaro ke koya a ƙarƙashinta?

Inda na ga canji, darakta ne ya gwada kowane yaro a karatu da lissafi, ya kai sakamakon gaban taron gari, ba don a kunyata kowa ba. A ranar, iyaye ba su ji daɗi ba. Amma daga wurin aka sami samarin da suka yi kwaleji suna zama da yara da maraice, aka sayo fitilu, aka rage wa 'yan mata ɗibar ruwan safe.

Iyayena mata, ku ne kan gaba a nan. Yaron da ake yi wa hira da tatsuniya, ake ƙirga awaki tare da shi, yana shiga aji ɗaya da kunne buɗe. Ku ba shi fura ko kunu kafin ya fita, don mai jin yunwa ba ya riƙe karatu. In an kira taro ku zo, ku ce wa darakta: «Malam, nuna mana abin da ɗiyanmu suka iya.» Haƙƙinku ne, kuma malamin kirki zai yi murna da tambayar.