Dutsen Maulaya Hasan da ruwan manoman Andalus

 

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan karo a kan wani dutse yake a kudancin ƙasar Ispaniya, inda littattafanmu ke kira Andalus. Sunansa Mulhasen, tsawonsa mita 3479, kuma babu wanda ya kai shi tsawo a duk tsibirin Andalus. Yana cikin jerin duwatsun Siyera Nebada, waɗanda Larabawa suka kira Jabalus Salji, wato dutsen ƙanƙara, domin dusar ƙanƙara takan rufe kansu watanni da yawa a shekara.

Sunan ya samo asali daga Maulaya Abul Hasan Ali, sarkin Garnaɗa, wanda ya rasu a 1485. Mutanen wurin suna ba da labari cewa ya yi wasiyya a binne shi a ƙololuwar dutsen, nesa da mutane. Wannan hikaya ce, ba a ga kabari ba. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne ɗansa Abu Abdullahi ya ƙwace masa sarauta a 1482, gidan ya rabu tsakanin uba da ɗa da baffa, abokan gaba na bakin iyaka suna kallo. Ranar 2 ga Janairu 1492 aka miƙa mabuɗan Garnaɗa.

Amma mu, abin da ya fi ɗauke mana hankali yana gindin dutsen ta kudu, a yankin Albusharat, wanda yau ake kira Alfuhara. Matsalar manoman can ita ce ƙanƙara tana narkewa cikin ƴan makonni, ruwan ya gangara teku, sannan watannin zafi su zo babu ɗigo. Sai Musulmin wurin suka haƙa magudanai can sama, suna bin gefen dutsen a hankali kusan a kwance. Ba gona suke kai ruwan kai tsaye ba. Suna kai shi wuraren da ƙasa ke sha, su sake shi ya nutse. Ruwan ya yi ta tafiya cikin dutse, bayan makonni ko watanni ya ɓullo a idanun ruwa kusa da ƙauyuka, daidai lokacin da ake bukatarsa. Mutanen wurin kan ce shuka ruwa suke yi. Mun ga wannan suna ya dace ƙwarai.

Kalmar da Ispaniyawa ke kiran magudanar da ita, asekiya, ita ce as-saƙiya ta Larabci.

Bayan tawayen 1568 zuwa 1571 aka kwashe jikokin Musulmi daga waɗannan ƙauyuka, aka warwatsa su, aka zaunar da wasu mutane a gidajensu. Daga 1609 aka kore su daga ƙasar gaba ɗaya. Baƙin da suka gaji gonakin dole suka riƙe tsarin rabon ruwan, domin in babu shi babu girbi.

Har yau a ƙauyuka irin su Tirebeles da Berculas manoma na fita gayya kowace shekara kafin narkewar ƙanƙara, da shebur da fartanya, suna yashe magudanan. Inda samari suka tafi birni aka bar su suka cike, idanun ruwan ƙasa sun ragu. Shi ya sa masu bincike na jami'ar Garnaɗa suka shiga aikin tare da mutanen ƙauyukan, suna sake buɗe waɗanda suka yi shekaru a toshe.