Inda Ya Kamata a Kafa Ƙaramar Lasifika a Cikin Mota

Duk wanda ya saba shiga motocin hayar da ke tasowa daga Gusau su bi ta Anka, su ratsa ƙasar Bukkuyum su nufi Gummi, ya san da wuya a yi nisa direba bai kunna wani abu ba, ko karatun Alƙur'ani, ko tafsirin wani malami, ko labarun rediyo. Kuma ya san sau da yawa ƙara takan cika mota har ta gallabi fasinja, alhali ba a fahimtar abin da ake faɗi. Galibin direbobi kan ɗora wa rediyon laifi, su tara kuɗi su sayo wani, amma a banza, domin illar tana ga wurin da aka kafa ƙaramar lasifikar nan wadda masu wayarin ke kira tuwita.

Sauti, bisa haƙiƙa, girgizar iska ce. Kunnen saurayi mai lafiya yana jin abin da ke girgiza daga sau 20 zuwa kamar sau 20,000 a cikin daƙiƙa guda, kuma da yake lasifika ɗaya ba ta iya ɗaukar wannan duka yadda ya kamata, sai masana suka raba aikin: babba ta ɗauki kakkauran amo, ƙarama kuwa ta ɗauki siririn, wanda ya fara daga wajen sau 3,000 zuwa sama. Wanda ya taɓa zama gaban malamin tajwidi zai gane fa'idar ƙaramar nan da nan, domin haruffan safiri, wato sin da sad da zayi, shewarsu a cikin siririn amo take. Idan ya ɓace, sai a riƙa jin muryar makaranci amma haruffa su cuɗanya.

To, ga hikimar da dukan mas'alar ta rataya a kai. Kakkauran amo yana bazuwa ko'ina, yana kewaye kujera da ƙafafun mutane, shi ya sa idan ana biki a wata unguwa mukan ji dukan ganga daga gida amma ba mu jin baitin mawaƙi. Siririn amo kuwa tafiyarsa miƙe take kamar hasken tocila, inda aka fuskantar da shi nan yake zuwa, kuma ɗan abu kaɗan, ko gwiwar fasinja ko buhun gero, ya isa ya tare shi. Saboda haka wanda ya kafa tuwita a gindin ƙofa, kusa da idon sawu, ya yi asarar kuɗinsa. Sharaɗi na farko shi ne ta kasance a sama, kusa da daidai kunne, a inda mai zaune zai iya ganinta ba tare da wani abu ya shiga tsakaninsu ba.

Wurare uku aka fi amfani da su. Akwai saman dashbod, a kusurwar gilashin gaba, kuma nan ne mafi sauƙi. Sai dai amon yakan bugi gilashi ya dawo da kaifi, sannan a ƙasa irin tamu, inda ranar bazara a watan Maris da Afrilu ke gasa dashbod har hannu ba ya iya zama a kai, gam yakan narke, roba ta bushe ta tsage. Akwai kuma ginshiƙin da ke tsakanin gilashin gaba da ƙofa, wanda yake wuri mai kyau ƙwarai, amma wajibi ne a bincika tukuna, domin motoci da yawa na zamani suna da jakar iskar kariya a ɓoye ta wajen, kuma in hatsari ya auku, Allah ya kiyaye, duk abin da aka ɗaure a gabanta zai iya zama jifa a fuskar mutum.

A ganina, ga talaka mai tsohuwar Golf ko Sharon, babu kamar wuri na uku, wato 'yar kusurwar nan ta roba da ke cikin ƙofa daura da madubin gefe. Tana sama, ba ta fuskantar rana kai tsaye, in aka ɓata ta wajen huji canjinta ba tsada, kuma tana kusa da babbar lasifikar ƙofa. Wannan kusanci ba ƙaramin abu ba ne, gama idan aka nisanta su da yawa, sai murya ɗaya ta rabu biyu, kaurinta a ƙasa, kaifinta a sama. A dai ɗaure ta da sukuru, kada a dogara da gam, domin ƙofar motar haya tana shan bugu, hanyoyin ƙauyuka kuma ba su rasa gargada.

Saura batun fuskantarwa. Tun shekarar 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zama, don haka tuwitar hagu tana dab da kunnensa, ta dama kuwa tana nesa, sai ta kusa ta rinjayi 'yar'uwarta. Maganinsa shi ne a karkata ta hagu ta dubi kan fasinjan gaba, ta dama kuma ta dubi kan direba, su kasance tsayi ɗaya. Kafin a huda komai, a manna su da salatif, a rufe ƙofofi, a zauna a kujera, a kunna muryar da aka sani sarai, a yi ta gusar da su har a ji kamar mai maganar yana tsakiyar gilashin gaba.

Kada kuma a yarda a haɗa tuwita da rediyo kai tsaye, sai an sa mata matacin sauti, wato kurosoba, ko aƙalla kafasito, domin kakkauran amo in ya shige ta yakan ƙona ta. A ajiye matacin a busasshen wuri ƙarƙashin dashbod, ba cikin ƙofa ba inda ruwan damina ke zurara, a kuma lura wayar da ke da alamar tarawa ta tafi mazauninta a ɓangarorin biyu.

Kai kuma direba, in aikin ya kammala za ka tarar kana jin kowane harafi ba sai ka ƙure murya ba. To, ka rage ta yadda za ka iya jin odar motar da ke bayanka.